Hutun da Uban Aski Ya Ba Ramiz

Shekara biyar ake so mutum ya yi a Sloveniya, a jere ba tsinkewa, kafin ya nemi katin zama na dindindin. Duk ɗan Bosniya da ke aiki a can ya san wannan fiye da yadda ya san ranar haihuwarsa. Kafin shekarun su cika katinka na wucin gadi ne, kuma a hannun maigidanka yake: in ya sa hannu a sabunta maka, in ya ƙi ka tattara komatsanka. In suka cika kuwa ka zama mutum. Ka yi aikin da ka ga dama a inda ka ga dama, ba mai ɗaga maka gira.

Ramiz Karabeg mai walda ne daga wani ƙauyen Musulmi a bakin kogin Sana a Bosniya, kuma ba irin masu waldar nan ba ne da ke manna ƙarfe kamar an tofa majina. Tankunan madara yake yi, na farin ƙarfe marar tsatsa, a wani ƙaramin kamfani da ke bayan garin Celje. In ya ja ɗinki ya gama sai ka rantse zare aka shimfiɗa. Sufeton da masu sayen tankunan ke turowa daga Ostiriya yakan bi kowane ɗinki da tocila yana yamutsa fuska, amma in ya iso na Ramiz sai ya kashe tocilar ya wuce.

Mai kamfanin sunansa Ostoja. Kirista ne, daga ƙauyen da ke tsallaken kogin su Ramiz, ya zo tun kafin yaƙin Bosniya da akwati ɗaya, yanzu ga fasfon ƙasar, ga gida biyu, ga tumbi. Mutum ne mai fara'a da saurin hawaye. Ko waƙar gida aka sa a rediyo sai ya share ido da bayan hannu ya ce, "Ni ba ma'aikata gare ni ba, 'yan'uwa gare ni."

A wajenmu can Bosniya, in yaro ya shekara, ba uwa ko uba ke taɓa gashinsa na fari ba. Wani ake zaɓa daga waje, sau da yawa ma daga ɗaya addinin, ya sa almakashi ya yanka, daga ranar ya zama kum, uban aski. Ɗan'uwanka na jini kana iya zaginsa da safe ku sha kofi da yamma, amma kum ba a ɗaga masa murya, ba a kai shi ƙara, ba a neman shaida a kan maganar da ya faɗa. Kuma wanda ya aske ɗan fari shi zai aske duk na bayansa.

Dabarar ta Ramiz ce, ba ta kowa ba, wannan kam sai a faɗa. Yana shekara ta biyu a kamfanin 'yarsa ta fari Lamija ta kusa shekara, sai ya zo gida ƙauye ranar wata Asabar yana murmushin mai wayo, ya faɗa wa matarsa Mevlida abin da ya ƙulla.

Mevlida ta ajiye muciyar da take murza fulawa da ita ta ce, "Maigidanka? Duk mutanen duniya ka rasa wanda zai taɓa kan 'yata sai wanda ke biyan ka albashi?"

"Ke ba ki gane ba. Mutumin da ya aske 'yarka zai bar katinka ya mutu? Ɗaure shi zan yi, da igiyar da ba ta tsinkewa."

"To ka dai duba da kyau wane ƙarshen igiyar ne a wuyan wa."

"Bakinki kenan. Ko aljanna aka kai ki sai kin ce akwai sanyi."

Da ya roƙi Ostoja, sai mutumin ya rungume shi a tsakiyar wurin aiki, da hular walda da komai, ya yi kuka har da sheshsheƙa.

An yi askin a watan Agusta a ƙauye, ƙarƙashin bishiyar pulam da ke tsakar gidan Mama Hajrija, mahaifiyar Ramiz. An jera tebura, an gasa rago, an zo da farantan pita, gasasshiyar fulawa mai nama a ciki, har ba wurin ajiyewa. Tun bayan yaƙi ba wanda ya tsallako kogin nan da sunan biki, sai ga Ostoja da baƙar kwat da sabon almakashi a aljihu. Tsofaffi suka yi ta kallonsa suna gyaɗa kai. Ya ɗauki Lamija a cinya, ya yanko gashin ta goshi da ta ƙeya da gefe biyu, yana sakin shi cikin kwanon ruwa, jama'a na jefa sulalla a ciki. Mama Hajrija ta rufe fuska da bakin mayafi tana kuka.

Almakashin bai bushe ba Ostoja ya dafa ƙirji kamar wanda ya tuna wani abu, ya zaro takarda daga cikin kwat, ya shimfiɗa ta a gefen kwanon.

Ya ce, "Kum," wannan ne karo na farko da ya kira shi haka, kuma da ƙarfi ya faɗa don kowa ya ji. "Ka gafarce ni, aiki ba ya barin mutum ko ranar farin ciki. Sati uku na ba ka hutu, ka zauna da tsohuwa. Amma matata ta ce ba za ta iya rubuta hutun a ofis ba sai da sa hannunka. Ga shi, da harshen can ne, amma ka karanta. Karanta mana, kum."

Duk tsakar gidan ta yi tsit ana kallon Ramiz. Shi kuwa ya san abin da ake jira. Ya karɓi biro, ya juyar da fuskarsa gaba ɗaya wajen bishiya, ya ɗaga haɓa, ya laluba da hannu ya sa hannu a makance. Wuri ya kaure da tafi. Wani dattijo ya buga tebur ya ce, "Haka iyayenmu suke yi!" Ramiz baki har kunne. A ransa yana cewa yau ya gama da maganar kati.

Sati ukun ya zama shida. Ostoja ya bugo waya ya ce kada ya yi gaggawa, ana sabunta masa kati, kuma wannan karon sai ya je ofishin jakadanci a nan gida ya karɓa, wai sabon tsari ne. A nan ya kamata Ramiz ya sha jinin jikinsa. Amma wa zai ce wa kum ɗinsa na sati uku, yi min bayani? Ya je ya karɓa, ya koma aiki da kwalaben zuma biyu na godiya.

Shekaru suka tafi. Ya ɗauko Mevlida da Lamija suka zauna a wani ɗan gida hawa na uku kusa da tashar jirgin ƙasa, takardunsu duka a rataye a jikin katinsa. Lamija ta shiga makarantar yara, ta fara gyara wa ubanta harshe. Aka haifi ta biyu, Ajna, mai gashi baƙi wuluk tun daga ciki. A cikin wannan lokacin ne idon Ramiz na hagu ya fara yi masa hayaƙi. Ya ga wani likita a gida Bosniya a ɓoye, likitan ya faɗa masa ba kwana-kwana: na hagu ya tafi rabi, kuma in bai bar hasken walda ba na dama zai bi shi. Likitan da Ostoja ke kai su duk shekara shi ba ruwansa, hatimi kawai yake bugawa yana hirar ƙwallo.

Mutum biyu Ramiz ya faɗa wa maganar idon, matarsa da kum ɗinsa. Ostoja ya sake yin kuka. Ramiz ya ji daɗin kukan har ya ƙara masa da sauran sirrin: wata makarantar firamare na neman mai kula da gini, gyaran famfo da yankan ciyawa da share ƙanƙara, shugabar ta ce ba sa iya ɗaukar nauyin takardun baƙo, amma ranar da ya zo da katin dindindin aikin nasa ne. Abin da yake jira kenan. Ba arziki yake nema ba, ido ɗaya yake so ya tsira da shi.

Ostoja ya ce, "Allah ya nuna mana, kum."

A farkon watan Mayu na shekara ta biyar Ramiz ya ɗauki rabin yini daga aiki ya tafi ofishin baƙi, don a faɗa masa abin da zai tanada kafin Agusta. Ya sa farar riga. Takardunsa kowace a cikin ledarta, har da shaidar jarrabawar harshe da ya ci bayan wata takwas yana haddace kalmomi a bas. Ya ɗauki lamba, ya jira, aka kira shi taga ta huɗu.

Matar da ke tagar mai tabarau ce da sarƙa a wuya, ba ta da mugunta, ba ta kuma da lokaci. Ta danna kwamfuta, ta sake dannawa.

"Malam Karabeg, ka yi sammako da yawa. Shekararka biyu da wata bakwai."

Ramiz ya yi dariya. "A'a, hajiya, ki sake dubawa. Biyar ba wata uku. Ni da kaina nake ƙirgawa."

"Na ga ka zo shekara biyar da suka wuce. Amma a shekara ta biyu ka bar aiki, katinka ya mutu, ka fita daga ƙasar. Bayan kwana arba'in da ɗaya aka nema maka sabo, daga farko. Lissafin daga nan ya fara."

"Ban taɓa barin aiki ba. Hutu na tafi."

Ta juyo masa da allon kwamfutar. Takarda ce mai layi shida, tana cewa ma'aikaci da maigida sun amince su rabu, bisa son ran ma'aikacin. A ƙasa ga sa hannunsa, a karkace, ya bar layin ya haye sama kamar akuya a kan tudu. A kusurwar takardar akwai wani ɗan zagayen tabo inda ruwa ya taɓa ɗiga ya bushe. Ramiz ya san ruwan. Ya kama bakin tagar da hannu biyu.

Matar ta ce, "Sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"Wani ya tilasta maka?"

Ya girgiza kai. "A'a. Tafi aka yi min."

Ta dube shi ta saman tabarau, ba ta gane ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta ce ya lura katin da ke hannunsa zai ƙare a Satumba, ya tabbata an sabunta kafin ranar. Sannan ta danna lamba ta gaba.

Asabar ɗin nan ce ranar slava ta gidan Ostoja, bikin waliyyin da danginsu ke girmamawa duk shekara, kuma kujerar kum tana kusa da ta mai gida. Mevlida ta ce kada su je. Ramiz ya ce za su je. Da tsakar rana suka isa, da kek a hannu. Farfajiyar cike da motoci, ana ta kiɗa, rago biyu na juyawa a kan wuta a bayan gareji, a jikin ƙarfen gashin da Ramiz ya haɗa da hannunsa ya kawo kyauta bara. A nan ya sami Ostoja shi kaɗai yana shafa wa naman mai da reshen ganye.

"Kum! Zo ka ga aikinka, ko ƙara ba ya yi."

"Na je ofishin baƙi ranar Talata."

Ostoja bai fasa shafa man ba. "To, an faɗa maka kenan."

Ramiz ya zo da shirin a yi masa ƙarya. Ya kwana huɗu yana tanadin yadda zai ƙaryata kuskuren akawu, ko laifin matar Ostoja, ko sabon tsari. Wannan amsar ba ta cikin tanadinsa.

"Shekara biyu ka cinye min."

"Na ce ka karanta ko ban ce ba? A gaban uwarka na ce, sau biyu. Kai ne ka juya ƙeya kana nuna wa ƙauye kai ɗan halak ne." Ya tsoma reshen a kwano. "Zauna in faɗa maka, kum. Mutum goma sha ɗaya na ɗauko daga gida, na koya musu aiki, na yi musu takardu, na kai matansu asibiti. Ranar da kati ya shiga aljihunsu, Litinin mai zuwa sun tsallaka Ostiriya, suna Graz. Ko sallama wasu ba su yi min ba. Na goma sha biyu na ce a'a. Hannu irin naka sau ɗaya yake zuwa wa mutum."

"Na ba ka kan 'yata."

"Ka ba ni don ka ɗaure ni. Ƙarya nake? Kai ka zo da igiya, ni na fi ka iya ƙulli, shi kenan. Kuma ina son yarinyar nan, wallahi ina son ta, keken da take hawa wa ya saya?"

Ramiz ya matso kusa da shi. Ya ji ihu na tasowa daga cikinsa, amma shekara arba'in da huɗu na tarbiyya suka danne shi a maƙogwaro, sai ya fito ƙasa-ƙasa kamar roƙo. "Idona, kum. Ka san maganar idona."

"Na sani. Shi ya sa nake maka magana a fili yanzu." Ostoja ya goge hannu a tsumma. "Je ka wani kamfanin su sabunta maka. Za su kai ka wajen likitansu, ya rufe maka idon dama ya ce karanta layin ƙasa. A duk ƙasar nan ni kaɗai ne zan ba makaho wutar walda. Katinka zai mutu a Satumba. Ka sa hannu a tawa takardar in sa hannu a taka, ko kowa ya riƙe bironsa."

"Wata takardar kuma?"

"Irin waccan. Shekara biyu da rabi ba su ishe ni ba, na karɓi aikin tankuna har na shekara biyar. Kai ma ka huta sati shida, ka sha iskar gida." Ya dafa kafaɗarsa. "Zo mu ci nama, yana hucewa."

A teburi aka zaunar da Ramiz a kujerar girma. Ostoja ya miƙe da kofin rakija, giyar pulam, a hannu ya yi wa baƙi jawabi a kan zumuncin da ya fi ƙarfin yaƙi, har wata tsohuwa ta share hawaye. Sannan ya zagayo ya tsaya a kan Mevlida, ya sa yatsunsa masu maiƙon rago cikin gashin Ajna ya shafa.

"Kai, wannan gashi ya isa aski. Agusta ko, kum? Na riga na sa an wasa almakashi."

Jama'a suka yi shewa. Mevlida ta janye yarinyar zuwa ƙirjinta a hankali. Ramiz ya ji bakinsa yana cewa, "In Allah ya kai mu."

Ramiz bai naɗe hannu ba. A watan Yuni ya ce ciwon haƙori yake, ya hau jirgi zuwa Maribor inda wani babban kamfani ke neman masu walda. Suka ba shi bututu biyu ya haɗa. Shugaban sashen ya juya ɗinkin a hannu, ya kira wasu su zo su gani, ya ce ya fara ranar ɗaya ga wata, su za su yi masa takardu, lissafinsa ba zai tsinke ba. Saura kawai ya hau bene ya ga likita. Likitan, wata yarinya ce mai ladabi, ta rufe masa idon dama da ɗan faifai ta ce ya karanta. Ya karanta babban harafin sama. Sauran ya yi ta kame-kame har ta ce ya isa. Ya gwada wani kamfanin a Yuli, aka sake yin haka, sai dai wannan likitan ko haƙuri bai ba shi ba.

Wata Lahadi da safe, Lamija na kallon talabijin, Ramiz ya buɗe durowar kicin ya ɗauko almakashin da Mevlida ke yanka kaza da shi. Ya ɗauki Ajna ya zaunar a kan teburi. In uba ya aske da hannunsa, zumuncin ya yanke, kuma duk wanda ya ga kan yarinyar ya san an tofa wa kum yawu a fuska. Ya kama gashin goshinta tsakanin yatsu biyu. Yarinyar ta yi dariya tana miƙa hannu ta kama almakashin.

Mevlida ta tsaya a bakin ƙofa da kwandon wanki. Ba ta yi ihu ba.

Ta ce, "Yanke. Wallahi in ka yanke ni zan riƙe maka kanta. Tun ranar nan nake wanke gashin nan ina jin warin ragonsa. Amma ka faɗa min inda za mu kwana a Oktoba."

"Gida."

"Wane gidan? Ɗaki biyu na tsohuwa, da ƙanenka da matarsa a ciki? Wa zai ba ka aiki a ƙauyen da ko mai gyaran keke ya gudu? Ita kuma waccan," ta nuna Lamija da haɓa, "da ko ƙirga ba ta iya ba sai da harshen nan?"

"To in zauna ya cinye min ɗayan idon?"

"Ban ce ba. Ni ban san abin da za ka yi ba, Ramiz. Na faɗa maka tun ranar, ka ce bakina ne."

Ya daɗe riƙe da gashin. Sannan ya sake shi, ya mai da almakashin durowa, ya shiga banɗaki ya kunna famfo don kada 'ya'yansa su ji shi.

Aka yi askin Ajna a watan Agusta, ƙarƙashin bishiyar nan, a kan teburan nan. Mutane sun fi na wancan karon yawa, don labarin ya zaga: har daga tsallaken kogi wasu suka biyo Ostoja su ga zumuncin da ake faɗa. Ba wanda ya san komai sai Ramiz da matarsa. Ya so ya faɗa wa mahaifiyarsa, amma tsohuwar ta yi sati tana goge kwanon askin da toka, tana cewa ba abin da ya wanke mata zuciya tun bayan yaƙi kamar wannan, sai ya kasa.

Ostoja ya ɗauki Ajna a cinya. Ya yanka ta goshi, ta ƙeya, gefe biyu. Gashin ya yi ta yawo a kan ruwa, sulalla na nutsewa ƙarƙashinsa. Sannan ya dafa ƙirji, ya zaro takarda.

Jama'a suka fashe da dariya tun bai yi magana ba. Wani ya ce, "Ga takardar hutu ta fito!" Dattijon nan da ya buga tebur wancan karon ya ɗaga sanda ya ce, "Ramiz, nuna wa 'yan tsallake yadda muke yi! Juya fuska!"

Ostoja ya ce, "Karanta mana, kum," yana murmushi.

Ramiz ya ɗauki takardar. Bai juya fuska ba. Ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya kawo ta daf da hancinsa, ya fara karantawa. Layi shida ne kawai, amma ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, leɓensa na motsi. Dariyar ta ragu, ta mutu. Aka bar jin komai sai ƙudan zuma a kan 'ya'yan pulam da suka faɗo. Wata mata ta ja tsaki. Wani daga 'yan tsallake ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Ashe haka suke yi."

Kalmomin ba su canja ba, kwanan wata kawai aka sake. Ma'aikaci da maigida sun amince su rabu, bisa son ran ma'aikacin. Ya kai ƙarshe, ya ajiye ta a kan teburi, ya gyara mata zama nesa da kwanon. Ya sa hannu a kan layin daidai, a miƙe, tsaf kamar ɗinkinsa.

Ba wanda ya tafa. Dattijon ya sauke sandarsa ya kau da kai.

Mama Hajrija ce ta taso, tana dafa tebura, fuskarta ta yi ja don kunya. Ta wuce ɗanta ko kallonsa ba ta yi ba, ta kama hannun Ostoja da hannu biyu.

"Ka yafe masa, kum. Zaman waje ne ya lalata min shi. Ba haka na rene shi ba, wallahi ba haka ubansa yake ba. A gabana, a gidana, ya karanta takardar kum kamar ta ɗan damfara!"

Ostoja ya naɗe takardar ya mai da ita cikin kwat. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Na yafe, Mama. Gajiya ce. Shi ya sa wannan karon sati shida na ba shi."

Tsohuwar ta juyo kan ɗanta. "Ka ji? Sati shida! Tsaye za ka yi kamar gungume? Gode masa."

Ramiz ya dubi Mevlida. Tana tsaye a bayan jama'a riƙe da Ajna, tafin hannunta a kan wuraren da aka yanke, kanta a sunkuye.

Ya ce, "Na gode, kum."

Mama Hajrija ta ce, "Da ƙarfi. Mutane ba su ji ba."

Sai ya sake faɗa da ƙarfi.